Lambu A Cikin Tukunya

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, aka kai dawa da masara rumbu, sai ɗanyen ganye ya fara wuya a Kurugu da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo. Waɗanda gonakinsu ke bakin madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama ginawa a 1992, su kan shiga noman rani, su sami tumatir da albasa da attaruhu. Amma ba kowa ke da fadama ba, ba kowa ke da injin ban ruwa ba. Gidaje da yawa sai kuka da busasshiyar kuɓewa har ruwa ya sake sauka, in kuwa ana marmarin ɗanyen ganye sai a kai kuɗi kasuwa. Alhali kuwa kowane gida akwai tsohuwar tukunya da aka yasar a bayan ɗaki, akwai taki a turke, akwai ruwan alwala da ke zuba banza sau biyar kowace rana. In an haɗa ukun nan, an yi lambu. Aiki ne da uwargida za ta iya ba tare da ta fita zaure ba, yara kuma su taimaka.

Zaɓen tukunya

Tukunyar ƙasa ta fi kowace. Dalili kuwa shi ne jikinta yana tsatsafo, iska ta busar, cikinta ya yi sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Tsagaggiyar randa, ko tulun da bakinsa ya karye, duk sun isa. In babu, a yanke jarka, ko a sami tsohon bokiti, ko buhun da aka naɗe bakinsa. Sai dai baƙar roba tana jan zafin rana har ta dafa saiwa, sabo da haka a kewaye ta da tsohuwar tabarma. Kada a kuskura a yi amfani da mazubin da aka taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai a ciki.

Ko mene ne aka zaɓa, tilas a huda gindinsa wuri uku ko huɗu, kowace ƙofa ta kai girman ɗan yatsa. A ɗora tsingaro guda bisa kowace, don kada ƙasa ta tsiyaye. Dā a kan ce a jibge tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce, amma gwaji ya nuna wannan ba ya taimako, sai ma ya rage wa saiwa wurin zama. Tsingaro ya wadatar. Barkono da tumatir suna son zurfin ƙafa guda, alayyafo da na'a-na'a inci takwas ya ishe su.

Haɗa ƙasa

A ɗebi ƙasar saman gona kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya, a cuɗa sosai. Laka ta fadama ita kaɗai ba ta yi, gama in ta jiƙe ta riƙe ruwa, in ta bushe ta ƙanƙame kamar tubali. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki kuwa ƙone saiwa ya ke yi, ya kuma jawo gara. Takin da ya nuna shi ne wanda ya yi baƙi, ya daina wari, ya ke marmashewa a hannu. In an sami garin gawayi ko ƙaiƙayin shinkafa da aka babbake, a ƙara kaɗan, zai sa ƙasar ta yi sakwa-sakwa. A bar inci ɗaya tsakanin ƙasa da bakin tukunya, wurin tsayawar ruwa.

Ban ruwa

Nan ne yawancin mutane ke yin kuskure. Shukar tukunya da ruwa ya kashe ta fi wadda ƙishirwa ta kashe yawa. Saiwa tana numfashi, in ƙasa ta cika da ruwa kullum sai ta shaƙe, ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya langaɓe. Mai shuka ya ga ta langaɓe, ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, shi ke nan ya ƙarasa ta. Maganin wannan ɗan yatsa ne. A tura shi cikin ƙasa zurfin gaɓa guda. In an ji damshi, a bari sai gobe. In an ji a bushe, a zuba ruwa a hankali har ya fito ta gindi. Da sassafe ya fi, da bazara kuwa a sake dubawa bayan la'asar.

Ruwan alwala da ruwan wankin shinkafa suna da kyau. Ruwan wanki mai omo ba shi da kyau, gishirinsa taruwa ya ke yi cikin tukunya har ya ƙone bakin ganye. In an sa faranti a ƙarƙashi don tare ruwa, a zubar da shi kullum, domin sauro ba ya bukatar fiye da kwana bakwai zuwa goma daga ƙwai zuwa mai cizo. Ba a yin lambu don a sayo wa yara zazzaɓi.

Hunturu da bazara da damina

Amfanin tukunya bisa gona shi ne ana iya ɗauke ta. Da hunturu iska na zuwa daga arewa maso gabas, a bushe, da ƙura. Sai a tattara tukwane wuri guda a jikin katanga ko zana inda iskar ba ta bugu, a riƙa wanke ƙurar ganye mako mako. Lokacin nan ne salak da albasa da tumatir suka fi jin daɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan kai digiri 40, sai a bar su su sha hantsi, a kare su da rumfa daga tsakar rana, a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa. Da damina, musamman watan Agusta, a ɗora su bisa duwatsu, a janye su daga ƙarƙashin indararo. Awaki da kaji kuwa ba su san rani ko damina ba, tilas a yi musu shinge da kara ko ƙaya.

Abin da za a fara da shi

Mai farawa ya fara da alayyafo, wanda a ke tsinka cikin mako huɗu zuwa biyar, da ɗoɗɗoya, da na'a-na'a wadda reshenta kawai a ke dasawa ta kama. Albasar da ta tsiro a madafa, a binne ta, za ta ba da lawashi. Zogale ma yana yi a babbar randa, muddin ana datse kansa in ya kai ƙugu. In ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganye suka taru, a daka ƙwallon darbejiya kimanin giram 50, a jiƙa a ruwa lita ɗaya ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma har bayan ganye.

Furen takalmi

Ba don miya kaɗai a ke shuka a tukunya ba. A biranen Kano da Kaduna da Abuja samari da yawa suna cin abinci da renon furanni a bakin titi, yanzu kuma hotunan furannin ƙasashen waje suna yawo a waya, suna ba mutane sha'awa. Cikinsu akwai wani da ya kamata a yi bayaninsa, don kada kuɗin wani ya tafi banza. Masana suna kiransa Paphiopedilum, sunan da wani Bajamushe, Ernst Pfitzer, ya raɗa masa a 1886. Yana cikin babban dangin furen da Turawa ke kira okid, mai iri fiye da 25,000. Leɓen furen na ƙasa ya kumbura kamar gaban takalmi sau-ciki, shi ya sa a ke ce masa furen takalmi. Wannan leɓe tarko ne. Ƙuda ya kan zame ya faɗa ciki, ba shi da mafita sai ta wata 'yar ƙofa a baya, inda garin fure ke manne masa, ya kai wa wani furen. Fure guda ya kan yi wata ɗaya ko biyu bai yanƙwane ba.

Asalinsa dazuzzukan Indiya da kudancin Sin da Tailan da Biyetnam da Indunusiya da Filifin, inda ya ke tsirowa cikin ruɓaɓɓen ganye a inuwar itatuwa da tsagar duwatsu. Wanda ya san haka ya san bukatunsa. Ba a dasa shi a ƙasar gona, sai cikin gutsattsarin ɓawon itace da gawayi. Yana son haske ba rana ba, watau kamar bakin taga ta gabas. Ba shi da kumburarren gindi na ajiye ruwa kamar waɗansu 'yan'uwansa, sabo da haka ba ya jure bushewa, ba ya kuma jure kwanciyar ruwa. Ruwan sama ya fi masa na rijiya, kuma kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganyensa, ruɓewa ya ke yi. Taki sai ɗan kaɗan, a tsarma shi ƙwarai. Shekara shekara ko bayan shekara biyu a sake masa sabon ɓawo. Masu dabbare-dabbaren ganye sun fi masu koren ganye zalla son ɗumi, amma su ma in zafi ya wuce digiri 30 ya daɗe, wahala su ke sha.

To, a auna wannan da bazarar Kurugu da hunturunta. Sai mai ɗaki mai sanyi, wanda zai jera shi kusa da randa, ya lura da shi kullum, shi ne zai iya raya shi. A tudun Jos da Mambila abin ya fi sauƙi.

Akwai kuma maganar doka. Kwaɗayin masu tara fure ya kusa ƙarar da waɗansu iri a daji. Wani iri da aka bayyana a Biyetnam a 1999, cikin 'yan shekaru kaɗan masu tono suka kusa share shi daga mazauninsa. Yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973, Nijeriya kuma tana cikinta, ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe tun 1990. Wanda aka raina a lambu ne kaɗai ya halatta, shi ma da takarda. Darasin nan ya shafi gida. A dazuzzukan Arewa akwai 'yan'uwansa masu kwararo cikin ƙasa, waɗanda ke fid da fure gab da saukar damina. Yawancinsu mutuwa su ke yi in an tone su, don rayuwarsu ta dogara ga waɗansu ƙananan halittu na ƙasar wurin. Gara a bar su inda Allah ya ajiye su.

Manomin da ke son ƙarin bayani ya nemi malamin gona na KNARDA da ke yankinsa. Masu son zurfafawa kuwa akwai tashar binciken kayan lambu ta NIHORT a Bagauda, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya. Amma ba sai an je ko'ina ba kafin a fara. A nemi tukunya uku a makon nan, a huda, a haɗa ƙasa, a yafa alayyafo a ɗaya, a dasa na'a-na'a a ɗaya, ɗoɗɗoya a ta uku. Wanda ya raya ukun nan har ruwa ya sauka, ya ƙara goma baɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya sa albarka, amin.