Makullin Mota a Hannun Ɗan Sakandare: Darasin da Muka Baro a Tasha

Duk shekara, da zarar an kammala jarrabawar WAEC da NECO, sai bidiyoyi su cika Facebook da TikTok: samari sun cika mota maƙil, wasu sun zuro jiki ta taga, direba na murza sitiyari ƙura na tashi. Idan tsautsayi ya gitta, sai muhawara ta ɓarke. Wasu su ce sangartar 'ya'yan masu kuɗi ce, wasu su ce ƙaddara. Iyayen da ke shirin saya wa ɗansu motar farko kuwa, tambayarsu ba ta wuce "wace iri ce ta fi ƙwari, Corolla ko Honda?" A ganina, duk an kauce wa inda gizo ke saƙar.

Dokar dai a fili take. Sai wanda ya cika shekara 18 ake ba lasisin tuƙi a Najeriya, bayan ya bi ta makarantar koyon tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, jami'an VIO kuma sun gwada shi. Game da motar, a sayi mai matsakaicin inji, mai lafiyayyen birki da bel, a kai wa amintaccen makanike ya duba ko jakar iskar nan mai kare ƙirji tana nan, domin 'yar Kwatano da yawa an riga an fasa tata an liƙe wurin. A duba lambobi huɗu da ke gefen taya: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Duba motar duk aikin yini guda ne.

Abin da ba a saye a kasuwar motoci shi ne hankalin direba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi kowace shekara, kuma hatsarin mota ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Amurka, inda ake ƙididdige komai, an gano cewa direbobi masu shekara 16 zuwa 19 sun kusa ninka manya sau uku wajen shiga hatsari mai kisa a tafiya mai tsawo ɗaya. Dalili kuwa sananne ne: yaro ya iya sa giya da taka totur cikin mako guda, amma gane cewa ɗan adaidaitan da ke gabansa zai yanke ba sigina, wannan sai an daɗe a kan titi. Dare da abokai a kujerar baya suna ƙara wa hatsarin ƙarfi.

Wannan ne ya sa ƙasar New Zealand ta fito da lasisi mai hawa uku a 1987. Da farko mai koyo ba ya tuƙi sai da gogagge a gefensa. A hawa na biyu yana tuƙi shi kaɗai, amma ban da tsakanin ƙarfe 10 na dare da 5 na asuba, kuma ban da kwasar abokai. Sai ya tsallake wannan ake ba shi cikakken lasisi. Lardin Ontario na Kanada ya bi sahu a 1994, jihar Florida ta Amurka a 1996.

Abin takaici, mu nan mun daɗe da irin wannan tsari, muka yar. Tambayi duk wani tsohon direban babbar mota yadda ya koyi sana'a. Zai ce maka da karen mota ya fara. Shi ke tashi da asuba ya wanke mota, ya duba mai da ruwa, ya bubbuga tayoyi ya ji wadda ta yi sanyi. Idan aka tsaya a gangare, shi ke dirowa da gudu ya sa waji. Yakan yi shekara da shekaru a haka, yana kallon ƙafar maigidansa da hannunsa, yana haddace inda hanyar Kano zuwa Legas ke da kwana da inda shanu ke tsallakawa. Ranar da aka fara ba shi makulli, gyara tsayuwar mota kawai zai yi a cikin tasha. Daga nan sai a miƙa masa sitiyari a miƙaƙƙen titi da rana tsaka, maigida na zaune kusa da shi, ido biyu. Ba a sallame shi sai dattawan tasha sun shaida cewa hannunsa ya faɗa. Tsarin yana da nasa aibi, akwai duka da zagi da rashin karatu, amma tushensa daidai ne: ba a damƙa wa mutum rayukan jama'a rana ɗaya.

Yau fa? Uba zai ce "ai yaron nan ya iya mota", hujjarsa kawai ya gan shi yana fitar da ita daga gareji. Uwa za ta aiki ɗan shekara 15 kasuwa da mota don direba bai zo ba. Wani ma har gida ake kawo masa lasisi, bai taɓa ganin mai gwaji ba. Wannan ba gata ba ne, sakaci ne, kuma sau da yawa ɗan talakan da ke tafe a ƙasa ne ke biyan kuɗinsa da ransa.

FRSC, wadda aka kafa tun 1988, ya kamata ta daina wadatuwa da tare motoci a shingaye. Ta tsaya kai da fata a sa wa sabon direba takunkumin dare da na fasinja, a kuma hukunta uban da ya ba ƙaramin yaro makulli, komai girman rawaninsa.

Ku kuma iyaye, ba sai kun jira doka ba. Alhaji, zauna a gefen ɗanka wata da watanni, cikin cunkoso da ruwan sama, kafin ka bar shi shi kaɗai. Ka yanke masa sharaɗi: ba tuƙi bayan Isha'i, ba kwasar abokai, ba waya a hannu, ba motsi sai an ɗaura bel. Ya karya ɗaya, a karɓe makulli. Idan ba ka da lokacin yin haka, to ka ajiye kuɗin motar tukuna. Allah Ya tsare mana zuri'a.