Ma'aikatan Tailan da Matsalar Turancin Kasuwanci

Duk mai cefane a ƙasar Hausa ya san shinkafar Tailan. To, da wane harshe ne ɗan kasuwar Bankok yake ciniki da maƙwabcinsa na Biyetnam ko Indunusiya? Da Ingilishi ne, kuma ya kamata ɗalibai su san dalili.

A shekarar 1967 ƙasashe biyar suka kafa ƙungiyar ASEAN a birnin Bankok, wato Tailan da Indunusiya da Malesiya da Filifin da Singafo. Kundin ƙungiyar na 2007 ya ayyana Ingilishi a matsayin harshen aiki. A ƙarshen 2015 aka buɗe kasuwar bai-ɗaya, bayan an ƙulla yarjejeniyoyin amincewa da takardun shaidar juna a sana'o'i takwas, ciki har da injiniyanci da likitanci da aikin jinya da akanta da yawon buɗe ido. Ashe ke nan ma'aikaciyar jinya ta Tailan za ta yi takarar aiki da ta Filifin, wadda ta yi karatunta da Ingilishi.

Tailan ita kaɗai ce a yankin Turawa ba su mulka ba. Wannan abin alfahari ne, amma ya sa Ingilishi bai taɓa zama harshen kotu ko ofis ba. Sarki Mongkut, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1868, ya koyi harshen, har ya ɗauko wa 'ya'yansa malama, sai dai abin ya daɗe bai wuce fada da gidajen manya ba. A 1996 aka wajabta koyar da shi tun daga aji ɗaya na firamare.

Shi ma tsarin sauti yana da nasa laifin. Harshen Tai yana da karin sauti biyar, kuma baƙaƙe takwas kacal ke rufe gaɓa. Idan "l" ta zo ƙarshen kalma sai ta koma "n", "s" kuma ta koma "t", ko ta faɗi. Ba abin dariya ba ne ga Bahaushe, wanda ya cusa wasula ya samar da "burodi" da "tebur". Haka kuma aikatau a Tai ba ya sauya siffa don nuna lokaci, suna ba ya sauyawa don jam'i. A wayar tarho, "s" ɗin da ta ɓace na iya mayar da kaya da yawa guda ɗaya, kuma "an aika" ta rikice da "za a aika".

A ganina cikas mafi girma yana cikin aji. An fi ba da ƙarfi ga haddar nahawu don cin jarrabawa, magana kuwa kaɗan. Ga kuma al'adar kunya da kara, wadda ke hana ƙaramin ma'aikaci ce wa babba bai gane ba. Kamfanoni da yawa kan nemi sakamakon jarrabawar TOEIC, alhali nau'inta da aka fi zama sauraro da karatu kawai yake aunawa.

Direbobi da 'yan tireda kuwa, waɗanda suka tarbi baƙi kusan miliyan 40 a 2019, a bakin ciniki da yawansu suka koyi nasu Turancin.