Takalmin Farauta a Lokacin Bazara: Me Kimiyya Ta Ce?

Da zarar an kawar da amfanin gona ciyawa ta bushe, sai lokacin farauta ya kama a ƙasar Hausa. Mafarauta kan fita da karnuka da gora, maharba kuma da baka ko bindiga, su yini suna ratsa daji har cikin watannin Maris da Afrilu. A wannan lokaci ne zafi a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Wannan kuwa zafin iska ne a inuwa. Rairayin da ake takawa da tsakar rana yana iya wuce digiri 60. Ke nan ƙafar mafarauci tana tsakanin wuta biyu: zafin ƙasa daga waje da zafin jiki daga ciki. Wane irin takalmi ne zai fid da ita?

Gumi da Aikinsa

Jikin ɗan Adam yana son ya zauna a kan digiri 37. Idan zafi ya nemi ya wuce haka, sai fata ta fitar da gumi. Fitar gumin kaɗai ba ta sanyaya jiki, bushewarsa ce ke sanyayawa, domin kowane giram ɗaya na ruwa da ya zama tururi yakan tafi da zafi kimanin jul 2,400. Dalilin da ya sa ruwan randa da na salka ke sanyi ke nan: ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu ko na fata, iska tana busar da shi.

Tafin ƙafa yana cikin sassan jiki da suka fi yawan ƙofofin gumi, har an ƙiyasta ƙafafu biyu suna da kimanin 250,000. Idan aka kulle ƙafa cikin takalmin roba, gumi ba shi da mafita. Fata sai ta jiƙe ta yi laushi, kuma fata mai danshi ta fi busasshiya gogayya da takalmi. Daga nan bororo ke tasowa. Ɗumi da danshi kuma su ne abin da ƙwayoyin fangas ke so, waɗanda ke sa tsakanin yatsu ƙaiƙayi da ruɓewa.

Nauyi a Ƙafa

A 1969 masu bincike biyu a Amurka, Soule da Goldman, suka auna ƙarfin da mutum ke kashewa idan ya ɗauki kaya a ka, ko a hannu, ko a ƙafa. Sun gano cewa nauyin da aka ɗaura a ƙafa yana cin ƙarfi kusan ninki biyar na wanda aka ɗauka a gangar jiki. Dalili shi ne, a kowane taku sai an ɗaga ƙafa, an wurga ta gaba, an tsayar da ita. Mai tafiyar kilomita 15 zai yi taku wajen 20,000. Ƙarfin da aka kashe kuwa yawancinsa zafi yake komawa a cikin jiki, saboda haka takalmi mai nauyi yana gajiyarwa, yana kuma ƙara gumi.

Me Zai Hana a Sa Fade?

Mai karatu zai ce, ai fade ko takalmin taya ya fi kowane takalmi shan iska da rashin nauyi. Gaskiya ne, amma daji ba kasuwa ba ne. Akwai ƙaya da tsidau da ƙarangiya, akwai kunama, uwa uba akwai maciji. Kububuwa ce ta fi kowane maciji kashe mutane a dazuzzukan arewacin Nijeriya, domin dafinta yana hana jini daskarewa. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman saboda masu saran maciji. Mafi yawan sara kuwa a ƙafa da ƙwauri yake aukuwa. Don haka takalmin farauta dole ya rufe ƙafa ya haura idon sawu, a haɗa shi da dogon wando mai kauri. Wannan ba ya kawar da haɗari gaba ɗaya, amma yana rage shi ƙwarai.

Darasi Daga Sojoji

Sojojin Amurka sun yi yaƙin Biyetnam da takalmi mai fata a ƙasa da yadi a sama, da ƙananan huji a gefe don ruwa ya fita, da faifan ƙarfe a tafi don kare ƙafa daga tsinin tarko. Da aka kai irinsa hamadar Larabawa a yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, sai hujin ya zama ƙofar rairayi, ƙarfen kuma ya riƙa ɗaukar zafi. Tilas aka cire su biyun, aka yi takalmi mai launin ƙasa da fata marar sheƙi.

Haka nan akwai shimfiɗar nan ta Gore-Tex, wadda ta samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a 1969. Ƙofofinta sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururi yana wucewa. Tana da amfani da damina. Da bazara kuwa babu ruwan da za a tsare, kuma takalmi mai ita ya fi marar ita riƙe zafi.

Abin Dubawa Wajen Saye

Na farko, a nemi fata ko kambas mai kauri, ko haɗin su biyu. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa tana barin tururi ya wuce, matuƙar ba a toshe ƙofofinta da fenti ko maiƙo mai yawa ba. Na biyu, tafin ya zama roba mai kauri da zane, don tare zafin ƙasa da ƙaya. Na uku, launi mai haske ya fi baƙi, domin baƙi ya fi shan zafin rana. Na huɗu, a gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Safar auduga tana shan gumi ta riƙe shi, don haka a tafi da ta canji. Kada a shiga daji da sabon takalmi sai ya saba da ƙafa, kuma a riƙa zazzage shi kafin a sa, saboda kunama.

Gwaji Don Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan cikin sauƙi. Ɗalibi ya sa hannu ɗaya cikin leda, ɗaya cikin safa, a ɗaure su sako-sako a wuyan hannu, a jira minti 10. Za a ga ledar ta yi raɓa, hannun ya jiƙe, ɗayan kuwa kusan a bushe. Sai a tambayi aji: idan minti 10 ya yi haka, yaya ƙafar da ta yini cikin takalmin roba? Wanda ya gane amsar ya gane abin da masu iya magana ke nufi da suka ce rigakafi ya fi magani.