Ciwon da Ke Jiran La'asar



A ce yaro ne ɗan shekara takwas. Da safe garau yake, ya ci ɗumame, ya bi babansa fadama korar tsuntsaye a gonar shinkafa. La'asar na yi, fatar idonsa ɗaya ta fara saukowa kamar mai gyangyaɗi, sai ya ɗaga haɓa kafin ya ga mai yi masa magana. Tuwon dare ya gagari tauna, murya ta koma ta hanci. Ya kwana ya tashi, kamar ba a yi ba. Inna ta ce iska ce, baba ya ce lalaci ne.

Likitoci na kiran wannan ciwo mayasteniya girabis. Kafin tsoka ta motsa, sai jijiya ta aiko mata saƙo. A jikin mai wannan ciwo, garkuwar jiki ce ke ɓatan kai, ta bar ƙwayoyin cuta ta koma toshe ƙofofin da saƙon ke shiga. Shi ya sa ƙarfi ke ƙarewa da aiki, ya dawo da hutu. Ba ya yaɗuwa, don haka babu dalilin raba wa yaro kwano.

A yara iri uku ne. Akwai na jariri da mahaifiyarsa ke da ciwon: a haife shi laƙwas, kuka a raunane, nono ya gagara tsotsa, amma in ya samu kulawar asibiti, cikin 'yan makonni yakan wuce. Akwai irin na yaron nan, wanda galibi ta ido yake farawa. Na uku kuwa gado ne, babu ruwan garkuwar jiki, kuma an fi ganinsa inda ake yawan auren zumunci.

Wani abin mamaki, ɗaya daga cikin magungunan farko daga ƙasar nan ya fito. A 1934, wata likita a Landan mai suna Mary Walker ta yi wa wata mara lafiya allurar sinadarin da ake samu daga waken Kalaba, wani wake mai dafi, sai ga ƙarfi ya dawo mata na ɗan lokaci. Ƙwayar Mestinon da ake sha yau dangin wannan sinadari ce. Wasu ana ƙara musu maganin kwantar da garkuwar jiki, wasu a yi musu tiyata a cire wani ɗan ƙullutu da ke bayan ƙashin ƙirji.

To, ga inda nake so ku kasa kunne. Mu nan, kowace kasala zazzaɓin cizon sauro ce, sai a zarce kyamis. Alhali kwinin, da kulorokwin, da allurar jentamaisin, da sifuro da ake ba masu taifot, duk suna iya tsananta wannan ciwo har numfashi ya gagara. Haka allurar magniziyam da ake yi wa mai ciki in jijjiga ta kama ta. Mai cikin da ke da wannan ciwo ta faɗa wa ungozoma da likita tun ranar fara awo.

Iyaye, ku ɗauki hoton fuskar yaro da waya, ɗaya da safe, ɗaya da magariba, ku nuna wa likita a asibitin Zauro ko na Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. Wani lokaci ƙanƙara kawai zai ɗora a fatar idon na minti 2, ido ya buɗe, ya san inda zai dosa, ko ya tura ku asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo a Sakkwato. In kuwa yaro ya fara ƙwarewa da ruwa ko numfashi na sarƙe masa, a nemi mota a daren nan, kada a jira gari ya waye.