Labarin aiki ma zubi ne

Tun 1991 da aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara na farko a jihar Maraɗi, mun saba da haɗuwa kowane mako: a yi zubi, a ba da rance, a rufe akwati. Amma akwai dukiyar da kowace mace ke zuwa da ita wurin taro, ta koma gida da abarta ba a ƙirga ba, wato mutanen da ta sani.

A ƙungiya guda, wata mijinta direban proje ne, wata ƙanwarta na aiki asibiti, wata kullum tana kai abinci ma'aikata. Gefe guda kuma ga ɗiyanmu da suka gama lakkol, har da masu bak, zaune gida. Alhali ayyuka da yawa ba a liƙa sanarwarsu a bango. Tela na neman mai taya ta, mai farmasi na son yarinya mai amana, proje na ɗaukar masu zagaya ƙauyuka da takardun tambayoyi. Baki da baki labarin ke tafiya, kuma kwana biyu an cike gurbin.

Shi ya sa muke ba da shawara a ware minti 10 bayan zubi. Sakatariya ta rubuta wa ke neman aiki, me ta iya, wa ta ji labarin gurbi. Wanda ya taso tsakiyar mako, a tura shi da murya ta WhatsApp. Mai nema kuwa ta ajiye dosiyenta a shirye: takardar haihuwa, ta zama ƴar ƙasa, kofin difloma da CV, ta kuma yi rajista a ANPE. Kuɗin fotokopi da na mota, ƙaramin rance daga asusu ya isa. Ko istaj aka samu kar a raina, nan ake sanin mutum.

Sai dai fa, ƴan uwa, wadda ta gabatar da ɗiyar wata, sunanta ta ba da rance. In yarinya ta yi ta makara ko ta bar aiki ba sallama, ta toshe hanyar ƴan baya. Mu faɗi abin da ta iya, ban da ƙari. Duk wanda kuma ya ce a ba shi jika kaza ya sama wa ɗiyarki aiki, kawo maganar gaban ƙungiya kafin ki kwance bakin zane.

Wadda Allah ya ba aiki, ta dawo ta yi godiya, ta kuma riƙa kawo mana labarin gurbi. Zumunta a ƙafa take.