Kafin ka zargi yaron gona, ka auna

Kaji 200 masu ƙwai na fara da su a ƙauyenmu kusa da Dambatta. Kowace kaza tana cin kusan giram 120 a rana, wato buhu mai kilo 25 ya ishe su kwana guda. Amma buhu goma a kwana takwas yake ƙarewa. Har na fara zargin yarona.

Sai na sayi sikeli da littafi, kullum muna rubuta abincin da aka zuba da ƙwan da aka kwasa. Ashe ba sata ba ce, duk abincin yana shiga ɗakin kaji. Mazubi ake cikawa fal, kaji su watsar, ɓeraye su kwashe da dare. Da muka koma zuba rabi sau biyu, lissafi ya daidaita.

'Yan uwa, ku san ƙa'idar cin kajinku, ku riƙa aunawa kullum, ku gyara da wuri.