Me Ya Haɗa Shugabancin Kamfani Da Ribarsa?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya ce shi da abokan cinikinsa sun ji bankuna sun sake fitowa sayar da hannun jari tun daga shekarar 2024, suna kuwa da sha'awar saye, amma wani dattijo ya ja musu kunne, ya ce shi ya saya a da, kuɗin suka bi ruwa. Shi ne yake tambaya, me ke sa wani kamfani ya yi ta cin riba, wani kuwa ya rushe, alhali sana'arsu ɗaya?

To Alhaji, mun gode da wannan takarda. Dalilai suna da yawa, amma babba daga ciki shi ne yadda ake shugabancin kamfanin, wato wa ke riƙe da dukiya, wa kuma ke sa masa ido.

Bari mu kwatanta da abin da ka sani. A ce ku goma kuka haɗa jari, kuka ɗauki yaro guda yana sayo muku masara a ƙauyuka. In shi ke riƙe kuɗi, shi ke riƙe makullin sito, shi kuma ke rubuta lissafi, ai duk abin da ya faɗa muku shi za ku ji. Ko da mai gaskiya ne, kun bar masa ƙofa a buɗe. To haka kamfani yake. Masu hannun jari su ne masu dukiya, amma suna da yawa, ba za su iya zama ofis kullum ba. Saboda haka sai su zaɓi hukumar daraktoci, ita kuma ta naɗa manajan darakta ya riƙa tafiyar da aikin yau da kullum. Aikin daraktoci su tambaye shi, su hana shi in ya kauce. Akwai kuma masu binciken kuɗi daga waje, waɗanda ke duba littattafai duk shekara su shaida ko lissafin gaskiya ne.

In wannan tsari na aiki, ba a ba da bashi sai ga wanda zai iya biya, ba a ba ƙanin manaja kwangila da tsada, asara kuma ana ganinta tun tana ƙarama. Masu ba da rance sukan sauƙaƙa wa irin wannan kamfani, don sun amince da lissafinsa. In kuwa daraktoci sun zama 'yan amshin shata, sai a riƙa rubuta riba a takarda alhali aljihu ya huje.

Mun ga wannan da idonmu a Nijeriya. A shekarar 2004 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Charles Soludo, ya ce kowane banki ya kai jarinsa Naira miliyan dubu 25. Bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, kuma mutane da yawa, har da manoma da 'yan kasuwa, suka sayi hannun jari. Farashi ya yi ta hawa har watan Maris na 2008, sannan ya faɗo warwas.

Da Malam Sanusi Lamido Sanusi ya zama gwamnan Babban Banki a 2009, sai aka binciki littattafan bankunan. Ran 14 ga Agusta na shekarar ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank, aka zuba musu Naira miliyan dubu 420 don kada su durƙushe. A watan Oktoba aka sauke wasu uku, kuɗin ceton ya kai miliyan dubu 620. Abin da aka tarar shi ne ɗimbin bashin da ba a biya, wani an ba na kusa da shugabanni, wani kuma an ba mutane don su sayi hannun jari farashi ya ƙara hawa. Daraktocin da ya kamata su tsawata ba su yi ba. A watan Oktoba na 2010 kotu a Legas ta yanke wa tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ɗaurin wata 6 bayan ta amsa laifi, aka kuma ƙwace kadarori masu yawa daga hannunta.

Ka lura da wanda ya kwana a ciki. A watan Agusta na 2011 aka soke lasisin Afribank da Spring Bank da Bank PHB, aka kafa sababbi a madadinsu. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, domin an mai da ajiyarsu sababbin bankunan. Masu hannun jari kuwa suka tashi a tutar babu. Doka ce: in kamfani ya rushe, sai an sallami masu bin bashi kafin a waiwayi mai hannun jari. Ka ga dattijon nan ba ƙarya ya yi muku ba.

Amma fa mu faɗi gaskiya, shugabanci nagari ba laya ba ne. Kamfani mai tsari ma yakan yi asara in darajar Naira ta faɗi ko kasuwa ta tsaya, kamar yadda manomin kirki kan gamu da fari. Bambancin shi ne za a gaya muku gaskiya da wuri, a kuma nemi gyara tun ba a makara ba.

Saboda haka Alhaji, kafin ku saya, ku nemi rahoton shekara na kamfanin, ku sami wanda ya iya ya karanta muku. Ku duba ko shugaban daraktoci daban ne da manajan darakta, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta hana mutum ɗaya ya haɗa kujerun biyu a kamfanin da jama'a ke da hannun jari. Ku duba abin da masu binciken kuɗi suka ce, da yawan bashin da aka ba daraktoci da kamfanoninsu, da kuma ko an saba biyan masu hannun jari rabonsu shekara bayan shekara. Ku saya ta hannun dillali mai rajista. In an kira babban taron shekara ku je, ko ku tura wakili, don dokar ta ba masu hannun jari kujera 3 daga cikin 5 a kwamitin binciken kuɗi. Kada kuma ku sa kuɗin taki ko jarin cinikinku gaba ɗaya.

Wannan magana ta shafi har ƙungiyoyinmu na gama kai a karkara. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubuta lissafi daban, kada a fitar da ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu, a kuma karanta lissafi a gaban kowa bayan kaka. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, hasali ma shi aka tsare daga zargi.

Da fatan Alhaji ya gamsu. A gaida mana mutanen Dawanau.